Waiwaye: Kumburin Ƙafar Yaro Da Ruwan Da Ya Bar Mazauninsa

A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fitar da sanarwa a kan Jihar Katsina. Adadin da ya fi yawo a rediyo da jaridu shi ne na mamata: yara 652 sun rasu a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon shekarar, duk saboda tamowa. Adadi ne mai tayar da hankali. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai wani ne daban a cikin sanarwar. Yaran da aka kawo da kumburin tamowa sun ƙaru da kashi 208 cikin ɗari a kan na irin wannan lokaci a 2024. Sun ninka sau uku ke nan cikin shekara guda.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan yaro ba zai ɗauka rama kaɗai yunwa ke kawowa. Ramar kowa ya san ta: haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta saki, ido ya zurma. Amma akwai wata kamar. Yaro ɗan shekara biyu, wanda bai daɗe da yaye ba, sai a ga ƙafafunsa sun cika, daga nan ƙwauri, daga nan bayan hannu da kumatu. Gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja, fatarsa tana saɓulewa, ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi, abinci ma ya ƙi. Baƙuwa tana iya shigowa gidan ta yi wa uwar barka da ƙibar ɗa, alhali yaron yana cikin waɗanda suka fi kusa da mutuwa.

Mu a ƙasar Daura ba labarin nesa ba ne. Mashi, inda MSF ta yi binciken tamowa a 2024 tare da Jibiya da Katsina, a kan hanyarmu ta zuwa Katsina take. Jigawarmu iri ɗaya ce, geronmu iri ɗaya, kuma abin da ke samun rumbunansu a Yuli da Agusta shi ke samun na Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita a ƙarshen shekarun 1970 ya kuma wallafa littafinsa Silent Violence a 1983, ya nuna cewa rashin ruwan sama kaɗai bai isa ya haifar da yunwa a wannan yanki ba, sai haraji da bashi da farashin kasuwa sun taya shi. A kowace irin wannan shekara an ga yara masu kumburi, kuma mutanenmu ba su zauna hannu rabbana ba. An ce yaro ya sha ciki. An ce sanyi ne, an ce iska ce. An kira wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho, an ba da jiƙe-jiƙen da ke sa fitsari ko gudawa. Ban ga dalilin raina su ba. Sun ga ruwa a inda bai kamata ba, suka nemi fitar da shi. Likitocin asibiti ma abin da suka yi ke nan har kusan shekara 50, da allura da ƙwayoyi, kuma yara sun mutu a hannunsu kamar yadda suka mutu a gida. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a yaƙi wannan ruwa sai an san inda ya taso.

Namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kusan lita 42. Mafi yawanmu in aka tambaye mu za mu ce a cikin jini yake. Ruwan jini lita 3 ne kacal ko ɗan sama da haka. Kusan lita 28 yana kulle a cikin ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan ɗakuna da aka gina jiki da su, sauran kusan lita 11 kuma yana tsakanin ƙwayoyin. Jariri sabuwar haihuwa ya fi haka ruwa, kusan kashi 75 cikin ɗari na nauyinsa, kuma kason da ke wajen ƙwayoyin ya fi na babba yawa, shi ya sa gudawar kwana ɗaya take kayar da shi.

Robert Hooke ɗan Ingila ya fara ganin ƙwayar halitta a 1665, a cikin busasshen ɓawon itace, sai ya ga ɗakuna babu kowa a ciki. Sai a ƙarshen shekarun 1830 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka kafa cewa tsiro da dabba duk da irin waɗannan ɗakuna aka yi su, masana kuma suka mayar da hankali kan abin da ke cike da ɗakin. A madubin likita na wancan zamani sun ga 'yan tsaba-tsaba suna iyo cikin wani ruwa garai-garai, suka sa masa suna hayalofilazim. Yau an fi kiransa saitosol. Garai-garai ɗin nan yaudarar ido ce. Kusan kashi 70 cikin ɗari ne ruwa, sauran furotin ne da gishiri da sinadarai a cunkushe. A nan ake fara fasa sukari don a sami ƙarfi, a nan ake ƙera yawancin furotin da jiki ke amfani da shi.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne irin gishirin da ke ciki. Gishirin cikin ƙwayar halitta fotashiyam ne, na wajenta sodiyam, wato wanda ke cikin gishirin miyarmu. A ma'aunin likitoci fotashiyam kusan 140 ne a ciki, 4 a waje. Sodiyam kusan 140 a waje, 10 da ɗoriya a ciki. Wannan bambanci ba ya tsayuwa da kansa. A jikin tantanin kowace ƙwaya akwai famfo da ke tura sodiyam uku waje ya jawo fotashiyam biyu ciki, dare da rana, tun daga ciki har kabari. Jens Christian Skou na ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957 yana aiki da jijiyar ƙaguwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Aikin famfon nan yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ruwa kuwa bin gishiri yake yi, duk inda gishiri ya taru nan yake zuwa.

To yaron da abinci ya yi wa ƙaranci wata da watanni, jikinsa rage kashe-kashe yake yi. Zuciya ta rage bugu, ƙoda ta rage tacewa, hanta ta rage ƙira, zafin jiki ya sauka. Famfon gishiri ya yi sanyi, ko kuma tantanin ya riƙa yoyo har famfon ya kasa cim masa. Fotashiyam ya zurare ya bi fitsari da bayan gida, sodiyam ya kutsa ciki. Sai ka sami yaro wanda sodiyam ya yi wa yawa a jiki ko da gwajin jini ya nuna ƙasa, fotashiyam da maganiziyam sun yi masa ƙaranci, zuciyarsa kuma ta ƙanƙance ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya. Duk wanda zai taɓa wannan yaro da magani ya kamata ya san wannan.

Saura lita 11 ɗin da ke tsakani, kuma a nan nake so mu daɗe, don shi ne ba a koya mana sosai a makaranta. Ƙwayoyin halitta ba a jere suke fata da fata ba. A cikin fata, da jijiya, da guringuntsi, da tantanin da ke lulluɓe tsoka, akwai zaruruwa masu ƙarfi da ake kira kolajin, a tsakanin zaruruwan kuma akwai wani abu mai yauƙi, marar launi, wanda ya cike kowane gurbi. Masu sana'a a garinmu sun san shi tun kafin a rubuta shi. Ungozoma in ta yanke cibiya tana ganin wani abu fari garai mai santsi kewaye da jijiyoyin. Thomas Wharton ya bayyana shi a 1656, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Mahauci ya san abin da ke cike da ƙwayar idon sa, ya san ruwa mai santsi da ke fita in ya raba gaɓa. Majemi in ya jiƙa fata a ruwan toka, wannan yauƙi yake wankewa tare da gashi, ya bar zaruruwan su kaɗai don bagaruwa ta kama su. Daga idon saniya ne ma Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka fara tace babban sinadarin yauƙin a 1934, wanda yau ake kira hayaluronan.

Sinadaran nan dogayen sarƙoƙi ne na sukari, da yawansu ɗauke da sulfa, masu jan sodiyam da ruwa su riƙe. Saboda haka ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin lafiyayyen jiki ba kwance yake ba, a riƙe yake. Kamar ƙasar fadama ce da rani: in ka tona za ka ji danshi, shuka tana sha, amma ba ka ganin ruwa ya taru a sama, sai in ƙasar ta ƙoshi ko ta lalace sannan kududdufi ke tsayawa. Shi ya sa mutum zai yini a tsaye a kasuwa ruwan jikinsa bai gangaro ƙafa ba. Arthur Guyton ya nuna a 1963 cewa a ƙarƙashin fata matsin wannan wuri bai ma kai na iskar waje ba, jiki tsotse rarar yake yi kullum yana mayar da ita jini ta hanyoyin da ke bi ta kaluluwa. Duk abin da zai je wa ƙwayar halitta daga jini, iskar numfashi ne, sukari ne, magani ne, sai ya ratsa wannan yauƙi. In ruwa ya fi ƙarfinsa, sai rarar ta tsaya sake tana motsi. Danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro, ka ƙirga daƙiƙa uku ka ɗaga. In gurbin yatsan ya zauna a ƙafafu biyu, ka ture sakakken ruwa ne gefe, kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya wannan yaro yana da tamowa mai tsanani ko nawa sikeli ya nuna.

Me ke sa ruwan ya tsinke? Ernest Starling ya ba da amsar farko a 1896: bugun zuciya yana tura ruwa waje ta bangon ƙananan jijiyoyin jini, furotin ɗin jini mai suna albumin yana jawo shi ya dawo. Da Cicely Williams, likita 'yar asalin Jamaika da ke aiki a Akara ta ƙasar Gana, ta bayyana cutar kumburin tamowa a 1933, ta lura cewa yaran da aka yaye aka ɗora kan kunun masara zalla take kamawa, galibi bayan uwa ta sami wani ciki. Abin da tsofaffinmu suka gani ke nan su ma, sai dai su nonon suka zarga, ita kuwa ta gane rashin nonon ne da abin da ya maye gurbinsa. Daga nan lissafi ya zo da sauƙi: babu furotin a abinci, babu albumin a jini, ruwa ya fita. Sai aka ɗauka magani shi ne a ɗura furotin, a ba da ƙwayar sa fitsari, in yaro ya yi laushi a sa masa ruwa.

A 1996 wasu masana biyu a Landan, Claire Schofield da Ann Ashworth, suka tattara bayanan asibitoci tun daga shekarun 1950 zuwa na 1990. Abin da suka samu ya isa ya sa kowane ma'aikacin lafiya ya sunkuyar da kai. Cikin yaran da aka kwantar da tamowa mai tsanani, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari suna mutuwa, adadin bai motsa ba cikin shekarun nan duka, a wasu wuraren ma masu kumburi rabinsu ke tafiya. Dalilan da suka lissafa su ne abin da aka ɗauka magani. Ƙwayar sa fitsari tana ƙara kwashe ɗan fotashiyam da ya rage. Furotin mai yawa a ranakun farko yana fin ƙarfin hanta da ƙoda. Ruwan leda mai gishiri yana cika zuciyar da ta riga ta gaji, huhu ya jiƙe, yaro ya mutu yana haki, a rubuta cewa ciwon huhu ne.

Michael Golden da abokan aikinsa a Jamaika sun nuna a 1980 cewa kumburin yana iya sacewa ba tare da albumin ɗin jini ya ƙaru ba, in an ba yaro abinci mai sauƙi marar furotin da yawa. Daga baya Golden ya karkata ga cewa matsalar tana cikin yauƙin nan na tsakani: sarƙoƙinsa masu sulfa sun lalace ko jiki ya kasa ƙera su, sai ya daina riƙe ruwa. A 2009 Beatrice Amadi da abokanta a Zambiya suka duba hanjin yara masu kumburi, suka ga ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai masu sulfa ya ragu ƙwarai, abin da ba su gani haka ba a yara masu rama zalla. Masana ba su gama muhawara ba. Akwai masu riƙe da albumin har yau, akwai masu duban ƙwayoyin cutar hanji bayan binciken tagwaye da aka yi a Malawi aka wallafa a 2013, akwai masu zargin gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara. A ganina ba lallai ɗaya ta kore sauran ba. Amma a kan abin da za a yi wa yaron, an daɗe da daidaitawa.

Ana kwantar da shi a ɗumama shi, don sanyi da faɗuwar sukarin jini su ke kashewa cikin dare. Ana ba shi wata madara da aka auna musamman, F-75, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, har tsakar dare. Ba ta da furotin da yawa, ba ta da sodiyam da yawa, tana da fotashiyam da maganiziyam. Ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da babu zazzaɓi, don jikinsa ba shi da ƙarfin yin zazzaɓin. Ba a ba shi maganin ƙarin jini a makon farko. Ba a sa masa ruwa sai in ya kai ga suma. Famfon gishiri ya farfaɗo a hankali, ƙoda ta fara aiki, kumburi ya sace da kansa. A nan ne uwa ke shiga ruɗu, don nauyin ɗanta raguwa yake yi a kwanakin farko, ramar da ruwa ya ɓoye ta fito fili. Tana iya cewa asibiti ya ƙarar mata da ɗa, ta goya shi ta tafi. Ma'aikaciyar jinyar da ta zauna ta ce mata, Baba, wannan ramar ita muke jira, alamar sauƙi ce, ta yi aikin da ya kai na kowace allura.

Kada a ɗauka ina cewa ƙarin ruwa ba shi da amfani. Akwai ranar da shi ne tsakanin mutum da kabari. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Najeriya kafin ƙarshen shekarar, ta kuma dawo da ƙarfi a 1991 da 2010 da 2021. Mai amai da gudawa daga ruwan wajen ƙwayoyi yake zubarwa, da gishirinsa, lita bayan lita cikin 'yan sa'o'i. Ido ya faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, in ka ja fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba, don yauƙin da ke ƙarƙashinta ya bushe. Wanda ya kai haka har ya kasa sha, ledar ruwa ce maganinsa, kuma da gaggawa. Amma mafi yawan masu gudawa ba su kai nan ba. Robert Crane ya bayyana a 1960 cewa hanji yana shigar da sodiyam tare da sukari ta ƙofa ɗaya, ruwa ya biyo su, kuma kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ruwa suka ƙare wa Dilip Mahalanabis, ya dama gishiri da sukari a durom ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Waɗanda suka yi wayo a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, za su tuna yadda rediyo ya dame mu da ruwan gishiri da sukari. Ko shi ma wannan, an yi wa mai tamowa nasa daban: sodiyam 45 maimakon 75, fotashiyam 40 maimakon 20.

Abin da ke damuna shi ne yadda ƙarin ruwa ya zama shaidar kulawa a wurinmu. Uba zai kai ɗa asibiti, a duba shi a ba shi magani na sha, ya fito yana cewa ba su yi masa komai ba, ko ruwa ba su sa masa ba. Daga nan sai shagon magani na unguwa, a rataya leda a ƙusa, a zuba mata ruwan bitamin ta yi rawaya, kowa hankalinsa ya kwanta. Lita ɗaya ta ruwan gishirin asibiti giram 9 na gishiri ke cikinta. Ba ta shiga cikin ƙwayoyin halitta, ba ta kuma daɗewa a jini. Mafi yawanta wannan fili na tsakani take komawa, inda mai kumburi ya riga ya cika. Ledar ruwan sukari ta rabin lita kuwa giram 25 na sukari ke cikinta, ƙarfinta kalori 100, kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramar leda ɗaya ta abincin tamowa. A 2011 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, ba masu gudawa ko tamowa ba. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, fiye da 10 cikin ɗari sun mutu cikin kwana biyu. Waɗanda ba a ɗura wa ba, 7 da ɗoriya. Likitocin da ke wurin da idonsu sun ga kamar yaran suna farfaɗowa. Sai da aka ƙirga gawarwaki aka gane.

Ba yara kaɗai ba. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry a asibitin koyarwa na Zariya sun rubuta yadda masu jego ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka danganta shi da kunun kanwa, wadda sodiyam ce, da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya fi nuna yatsa ga talauci da ramar uwa da hawan jini na masu ciki. Ko wanne ya fi nauyi, mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki ba kanwa take bukata ba.

Babban sauyi ya zo ta maƙwabta. A 1996 André Briend da Michel Lescanne a Faransa suka haɗa gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadarai a ƙaramar leda mai giram 92. Hikimar haɗin ita ce babu ruwa a ciki, don haka ƙwayar cuta ba ta tsirowa, uwa tana iya ba ɗanta a gida. A yunwar 2005 MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a yankin Maraɗi, galibinsu ba a kwantar da su ba. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin, Najeriya ta fara shi a 2009. Yaron da kumburinsa ya hau har fuska, ko wanda ya ƙi ci, har yanzu gado yake bukata. Sauran kuwa wannan leda ta ishe su, muddin ta iso, kuma muddin ba a raba ta da yayyensa ko a kai ta kasuwa ba. A 2025 MSF ta faɗa ƙarara cewa rage tallafin da Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai suka yi yana cikin abin da ya tsananta lamarin. Gyaɗar nan a gonakinmu take fitowa. Ban ga uzurin da gwamnatin jiha da ta tarayya za su bayar ba na barin abincin yaranmu ya dogara ga kasafin kuɗin wata ƙasa.

A gida ma akwai abin dubawa. Ƙasar Daura ƙasar gero ce da wake da riɗi. Furotin ɗin gero yana da giɓin da wake ke cikewa, na wake kuma yana da giɓin sinadari mai sulfa wanda riɗi ke da shi a wadace. Riɗin muna auna shi a buhu da kaka, a loda zuwa Kano, daga can ya haye teku, yaron da aka yaye kuma ya yini kan koko tsararo. Na san ba don wauta ake sayarwa ba. Bashin taki ne, da kuɗin magani, da hidimar da ba ta jira. Amma tiya ɗaya ta riɗi da ta wake da ta gyaɗa da aka ware wa ɗan yaye, a riƙa niƙa masa cikin kunu, da ɗan nono ko ƙwai in ya samu, ba za ta rushe gida ba. Wannan shawara ce ta maigida, don shi ke riƙe da makullin rumbu.

Sannan akwai ganowa da wuri, kuma a nan masarauta tana da abin da asibiti ba shi da shi. Daga Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni, babu gidan da saƙo ba ya kaiwa. An ga haka a yaƙi da shan inna, bayan sarakunan Arewa sun kafa kwamitinsu na lafiya a 2009, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da cutar ta daji a watan Agustan 2020. Tsallaken iyakarmu ta Kwangwalam, a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta gwada wani abu a 2013 da 2014. Ta ba iyaye mata zaren awon dantse mai launi uku, wanda ja a cikinsa ke nuna ƙasa da santimita 11.5, ta koya musu awo da duba kumburin ƙafa. Matan nan, da yawansu ba su yi boko ba, sun yi awon daidai da ma'aikatan lafiya na ƙauye, kuma yaran da suka kawo sun zo da wuri, kaɗan ne cikinsu suka kai ga kwanciya.

Abin da ya yiwu a Mirya zai yiwu a Baure. A haɗa da ungozomomi da wanzamai da masu shagon magani, don su ake fara kai wa yaron, su kuma za su iya cewa, Malam, wannan ba na tsaga ba ne, ba na leda ba ne, a kai shi asibiti yau. Lokacin horar da su bazara ce, tun hatsi bai yi ƙasa a rumbu ba, tun zazzaɓin damina da gudawa ba su fara ba.